Kiɗan Mota Ba Ya Korar Barci

Akwai wata magana da kusan duk direban doguwar tafiya ya yarda da ita, tun daga tashar Unguwa Uku a Kano har zuwa Zuba a bakin Abuja. Idan barci ya fara fizgar mutum a kan sitiyari, sai ya ƙure sautin waƙa, ya sauke gilas iska ta bugi fuskarsa, ya jefa ɓarin goro a baki. Masu motocin kansu ma, likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki waɗanda ke barin Abuja da yammacin Juma'a don su kwana a Kaduna ko Zariya, da wannan dabarar suke tafiya. Bambancin kawai shi ne su daga wayar hannu suke kunna tasu, direban haya kuwa daga memorin da aka cika masa a shagon masu tura waƙoƙi na bakin tasha. Maganar ta samu gindin zama har an daina tambayar ingancinta, alhali ba ta da inganci, kuma da rayukan mutane ake biyan kuɗin yarda da ita.

An saba ɗaukar zaɓen abin da za a saurara a mota a matsayin sha'anin ra'ayi, kowa da kiwon da ya karɓe shi. A ɗakin mutum haka ne. A cikin motar da ke shafe kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, ɗauke da mutum goma sha takwas waɗanda ba su san juna ba, zancen ya wuce ra'ayi. Abin da ke fita daga sifika yana taɓa ƙafar da ke kan totur, yana taɓa kunnen da ya kamata ya ji odar tirela, yana kuma ruɗin direba game da halin da jikinsa ke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara. Babu mai cewa waƙa ce ta kashe su. Amma abin da ke da hannu a gudu da barci da ɗaukewar hankali, waɗanda su ne manyan masu kisan, bai cancanci a bar shi ga son ran duk wanda hannunsa ya fi kusa da rediyo ba.

Abin da makaɗa suka riga suka sani

Bahaushe ne ya fi kowa rashin uzurin musa cewa kiɗa yana juya jiki. Al'adarsa cike take da kiɗan sana'a. Ana buga gangar noma a gayya domin fartanya ta riƙa sauka tare, kuma makaɗin da ya ga manoma sun fara sanyi yakan ƙara wa kiɗan sauri, su kuma su ƙara wa hannu. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa. Ɗan Anace bai yi wa Shago waƙa don ya kwantar masa da hankali ba. Zuga ce aikinsa, ya tsima ɗan dambe har ya manta da zafin naushi. Kiɗan tauri da na farauta irin na Kassu Zurmi an gina su ne domin mutum ya aikata abin da ba zai aikata ba idan yana cikin natsuwarsa. Karin maganar da ke cewa idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, bayanin halittar ɗan Adam ne kafin ta zama salon magana.

To, mutumin da ya yarda cewa ganga tana ƙara wa manomi sauri, ta yaya zai ce ba ta ƙara wa direba? Ƙafar da ke bin kiɗa a dandali ita ce dai ƙafar da ke kan totur.

Masana sun auna wannan. Warren Brodsky, malamin ilimin halayyar kiɗa a Jami'ar Ben-Gurion ta Isra'ila, ya zaunar da mutane a na'urar kwaikwayon tuƙi a farkon shekarun 2000, ya riƙa kunna musu kiɗa mai saurin bugu daban-daban. Abin da ya gani shi ne, gwargwadon saurin kiɗan, gwargwadon gudun da suke yi, tare da ƙaruwar keta jar danja, da fita daga layi, da karo. A 2013 shi da abokin aikinsa Zack Slor suka fito da binciken kan titi na gaske, da sababbin direbobi matasa 85, kowanne da malamin tuƙi a gefensa. Kurakurai da saɓa doka sun fi yawa lokacin da matasan ke sauraren waƙoƙin da suka zaɓa da kansu, suka kuma ragu da aka sa musu wani kiɗa mai laushi da aka shirya musamman domin tuƙi. Darasin da ke ciki mai ɗaci ne ga masu son waƙa: wadda mutum ya fi ƙauna, wadda yake rerawa yana kaɗa sitiyari, ita ce ta fi satar hankalinsa.

Ƙarin gudun da kiɗa ke jawowa yakan zama kaɗan, har direba ba ya lura da shi. Sai dai lissafin hanya ba ya raina kaɗan. Motar da ta tashi daga kilomita 100 zuwa 120 a awa ta ƙara kashi 20 cikin ɗari na gudu, amma ƙarfin da za ta daki abu da shi ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari, haka ma nisan da birki ke buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mummunan karo mai kisa da kusan kashi 4. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade kilomita 100 a awa ga ƙananan motocin gida a kan manyan tagwayen hanyoyi, da 90 ga tasi da bas. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, shekara da shekaru tana sanya gudun wuce ƙima a sahun gaba cikin musabbaban haɗurran da take ƙirgawa. Duk wanda ya taɓa shiga Sharon daga Kano zuwa Abuja ya san inda allurar maleji take kwana idan hanya ta miƙe kuma waƙar da direba ke so ta shigo.

Barci ɓarawo ne, waƙa kuwa ba maigadi ba ce

Babbar hujjar direbobi ita ce barci. Suna cewa in ban da waƙar nan da tuni an faɗa rami. A nan ma akwai awo, kuma sakamakonsa ya fi na farko tayar da hankali.

A 1998, Louise Reyner da Jim Horne na cibiyar binciken barci ta Jami'ar Loughborough a Ingila suka gwada dabarun nan biyu da direbobin duniya duka suka dogara da su, wato iska mai sanyi a fuska da kunna rediyo ko kaset. Sun taƙaita wa matasan direbobi barcin dare, sannan suka sa su tuƙi mai tsawo da rana a na'urar kwaikwayo, ana auna sau nawa suke kauce wa layi, ana kuma auna motsin ƙwaƙwalwarsu. Babu ɗaya daga cikin dabarun biyu da ta rage kauce wa layi ta yadda za a dogara da ita. Rediyo ya ɗan nuna alamar taimako a farkon tafiyar, sannan ya dushe. Abin da ya yi tasiri a kansa sosai shi ne yadda direbobin ke jin kansu: sun riƙa cewa barcin ya ragu, alhali na'urar da ke kan ƙwaƙwalwarsu ba ta ga wani sauyi ba.

Wannan ne asalin haɗarin. Nauyin ido da hamma saƙo ne da jiki ke aikowa cewa a tsaya. Waƙa tana danne saƙon, ta bar barcin yana nan. Direban da ke gyangyaɗi cikin shiru ya san halin da yake ciki, wataƙila ya ratse ya tsaya. Wanda ya ƙure sauti yana bin amshi ya tabbatar wa kansa cewa ya warware, sai ya ci gaba, har lokacin da ƙwaƙwalwa za ta ɗauke na daƙiƙa uku ko huɗu ido a buɗe. A gudun kilomita 100, daƙiƙa huɗu mita 111 ne, tsawon da ya zarce filin ƙwallon ƙafa, mota tana tafiya babu mai tuƙa ta. Horne da Reyner sun nuna tun a 1995 cewa haɗurran barci sun fi taruwa da tsakar dare, da asubahi, da kuma wajen la'asar, kuma ɗaya daga cikin alamominsu ita ce ba a ganin sawun birki a kwalta. Mutumin bai taka ba, domin bai ga komai ba.

Akwai wani awon da ya kamata ya girgiza duk wanda ke alfahari da cewa shi bai taɓa kai giya bakinsa ba. Binciken da Drew Dawson da Kathryn Reid suka wallafa a 1997 a Ostireliya ya gano cewa mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, raunin hankalinsa ya yi daidai da na wanda ke da kashi 0.05 cikin ɗari na barasa a jininsa, mizanin da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da shi. Wanda ya tashi sallar asuba da ƙarfe biyar, ya wuni a ofis, ya kuma kasance a kan hanyar Kaduna da ƙarfe goma na dare, ya cika awa 17 cif. Al'ummar da ba za ta taɓa shiga motar mashayi ba tana shiga motar marar barci kullum, har ta taya shi zaɓen waƙa.

Maganin da aka tabbatar ba shi da armashi. Shi ne a tsaya, a sha abin da ke da sinadarin kafin, a kishingiɗa na kimanin minti 15 kafin ya fara aiki. Dokar hanya ta Birtaniya, a ƙa'idarta ta 91, ta ba da shawarar hutun aƙalla minti 15 bayan kowace awa biyu. Tarayyar Turai ta wajabta wa direbobin manyan motoci hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. Cikin dabarun tasha guda uku, goro ne kaɗai ke da ƙamshin gaskiya, domin yana ɗauke da kafin, shi ma jinkirta bashin yake yi, ba ya biyan sa. Ƙwayoyin da ake sayarwa a ɓoye a bakin tashoshi kuwa, irin su tiramol, ruɗi iri ɗaya suke yi da na waƙa, sai dai nasu ya fi muni.

Yatsa a kan waya, kunne a toshe

A zamanin kaset, zaɓen waƙa aiki ne na sau ɗaya. Mutum ya tura kaset ɗin Shata ko na Ɗan Maraya Jos, ya bar shi har ya ƙare, yaron mota ya juya. Ɗan Maraya ma da kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa sukutum, shaidar cewa mota da kiɗa sun daɗe tare a ƙasar Hausa. Abin da ya sauya shi ne yanzu waƙoƙi dubu suna cikin waya, kuma kowace tana gayyatar a tsallake ta zuwa ta gaba. Direban da ba zai amsa kira yana tuƙi ba saboda tsoron jami'an kiyaye haɗurra, shi ne zai sunkuya yana neman wata waƙar Hamisu Breaker ko ta Ado Gwanja a YouTube, yana jiran talla ta wuce don ya danna. Binciken da Cibiyar Sufuri ta Virginia Tech a Amurka ta yi da kyamarori a cikin motoci 100, wanda aka fitar a 2006, ya nuna cewa kawar da ido daga hanya fiye da daƙiƙa biyu yana ninka haɗarin karo. Ba a samun waƙa a waya cikin daƙiƙa biyu.

Sai ƙarar sauti. A hanyoyin Najeriya kunne rabin ido ne. Oda yare ce da direbobi ke magana da ita: mai son wucewa yana da tasa, mai gargaɗi a kwana yana da tasa, tirelar da birkinta ya tsinke a gangara tana da tata. Akwai jiniyar motar asibiti, da ihun masu tafiya a ƙasa, da kukan babur ɗin da ke shigowa ta gefen da madubi ba ya nunawa. Motar ita kanta tana magana kafin ta ba da matsala. Taya mai shirin fashewa da ƙafar da ta yi sako-sako sukan yi ƙara tukuna. Tsofaffin direbobi da kunne suke gane ciwon inji. Wanda ya cika but da manyan sifiku ya rufe wannan ƙofa da hannunsa.

Kunnen ma yana da iyakarsa. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa desibel 85 a matsayin iyakar ƙarar da mutum zai zauna cikinta na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya. Direban da ya sauke gilas a guje dole ya ƙara sauti don ya rinjayi ƙarar iska da ta inji, kuma haka zai yi kowace rana tsawon shekaru. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Masu cewa a sa karatu a huta

Wani ɓangare na masu karatu zai ga cewa duk wannan dogon bayani tabbaci ne na abin da suka daɗe suna faɗa: a kashe kiɗa, a sa karatun Alƙur'ani ko wa'azi, magana ta ƙare. Hukuncin kiɗa a shari'a zance ne na malamai, kuma sun daɗe suna yin sa. Amma ta fuskar tuƙi, sauya abin da ke cikin memori ba ya sauya halittar jiki. Ƙira'ar Minshawi ko ta Husari, da taushinta da natsuwarta, tana saukar da bugun zuciya, abin da ake so ga direban da ya ƙoshi da barci kuma cunkoso ya harzuƙa shi. Ga wanda ya kwana biyu a hanya, da ƙarfe uku na dare tsakanin Potiskum da Damaturu, natsuwar nan tana iya zama shimfiɗa. Karatu bai ɗauke wa kowa wajibcin hutawa ba, kamar yadda tawakkali bai ɗauke wa mai raƙumi wajibcin ɗaure shi ba. Cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa magana ce ta ta'aziyya bayan abu ya faru. Wanda ya mayar da ita lasisin tuƙi cikin gyangyaɗi ya ɗora wa ƙaddara laifin sakacinsa.

Akwai kuma batun ladabi. Aya ta 204 a Suratul A'araf ta yi umurni da sauraro da yin shiru idan ana karanta Alƙur'ani. Motar da aka ƙure karatu a cikinta, kwandasta yana rigimar canji, fasinjoji suna gardamar siyasa, wani yana waya da ƙarfi, ba ta girmama karatun ba.

Wa'azi kuwa iri-iri ne. Akwai darasi mai tsari wanda ke riƙe hankali a hanya mai tsawo, kamar yadda shirin rediyo mai kyau ke yi. Akwai kuma kaset ɗin raddi, inda malami ke ragargazar wani malami da suna, murya a sama, mabiya suna kabbara. Wannan zuga ce, kuma aikinta a jikin direba bai bambanta da na kalangun dambe ba. Haka waƙoƙin siyasa masu habaici da zambo, waɗanda ke cika motoci duk lokacin da zaɓe ya gabato. Direban da ransa ya ɓaci ko jininsa ya tsima, ko da kuwa a kan gaskiya ne, shi ne mai shiga obatekin da bai kamata ba.

Kunnen fasinja

A motar haya akwai wani zalunci ƙarami da aka saba da shi har aka daina ganin sa. Fasinja ya biya kuɗin kujera daga Kano zuwa Maiduguri, tafiyar da ke cin mafi yawan wuni, amma ba shi da ta cewa a kan abin da za a ɗura masa a kunne. Sifikun yawancin motocin nan a baya suke, don haka abin da direba ke ji daidai-wa-daida, tsohuwar da ke kujerar ƙarshe a ƙoƙon kanta yake sauka. A cikin motar akwai mai jego da jaririn da ya samu barci da ƙyar, akwai marar lafiyar da za a kai asibitin koyarwa, akwai wanda aka yi wa rasuwa yana hanyar zuwa jana'iza, akwai uba da 'yarsa budurwa da za su zauna kafaɗa da kafaɗa ana kwararo baitocin da ba za su iya haɗa ido a kansu ba. A hanyar Jos ko ta Kafanchan akwai Musulmi da Kirista a benci ɗaya, kuma kowannensu ya san yadda ake ji idan aka mayar da mota mumbarin da ba a gayyace shi ba.

Idan wani ya yi ƙarfin hali ya ce, “Malam direba, don Allah a ɗan rage,” amsar da aka fi ji ita ce, “Alhaji, so kake in yi barci?” Da wannan jumla ake rufe bakin kowa, domin babu mai son a ce shi ya jawo haɗari. Amma wanda ya saurare ta da kyau zai ji cewa iƙirari ce. Direban ya faɗa da bakinsa cewa barci yake ji, kuma abin da ya tsaya tsakanin fasinjojinsa da rami shi ne wata waƙa. Amsar da ta dace ita ce a ce masa ya tsaya a gari na gaba, a saya masa shayi, ya kwanta na kwata ɗin awa. Fasinjojin da suka gwammace su isa da wuri a kan su ba shi wannan kwatan, su ma suna da kaso a abin da zai biyo baya.

Ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da iko a tashoshi da yawa. Tana tsara layin lodi, tana karɓar kuɗin kamasho, tana hukunta wanda ya ɗauki fasinja a waje. Ƙungiyar da ke iya wannan tana iya kafa ƙa'ida mai sauƙi: kada sauti ya kai inda fasinja zai ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji, kuma idan mutum ɗaya ya nemi a rage, a rage.

Mai gida a kujerar baya

Ya fi sauƙi a ɗora komai a kan direban tasha, amma kaso mai tsoka na laifin yana kan masu ilimi da hali. Babban ma'aikaci yakan sa direbansa ya zo gida da ƙarfe shida na safe, ya kai yara makaranta, ya wuni a zaune a harabar ofis, sannan da la'asar a ce masa za a kama hanyar Kano, tafiyar da ta kusa kilomita 400 ko fiye gwargwadon inda aka tashi, a kan titin da aka shafe shekaru ana aikinsa tun 2018, da karkatar da motoci hannu ɗaya a wurare da dama. Mai gida ya kwantar da kujera ya yi barcinsa. Abin da ya bar wa direban ya yi hira da shi shi ne rediyo, wani lokacin ma yakan ce a kashe don yana damun sa. Washegari a juyo. Mutumin da ya karanta rahotanni, ya san ma'anar gajiya a wurin aiki, yana kuma neman hutunsa na shekara har kwana na ƙarshe, shi ne ke ganin direbansa inji ne da ake zuba wa waƙa maimakon mai.

Matsalar tsaro ta ƙara dagula lissafin. Tsoron masu garkuwa da mutane ya sa kowa yana son ya wuce wasu dazuzzuka kafin duhu, kuma babu mai hankalin da zai ce a ratse a yi barci a dajin Birnin Gwari. Wannan hujja ce ta tashi da wuri da tsara zango tun daga gida. Tafa, Mararrabar Jos, Kwanar Dangora, Potiskum, duk wurare ne da matafiya suka saba tsayawa cikin jama'a. Lokutan sallah ma sun riga sun yanka wa matafiyi wuninsa gunduwa-gunduwa. Abin da ya rage shi ne a daina mayar da tsayuwar azahar tseren minti biyar.

To me za a kunna?

Ba a neman a mayar da mota maƙabarta. Tun a 1930, shekarar da kamfanin Paul Galvin ya fito da rediyon mota mai suna Motorola, aka fara kiraye-kirayen haramta shi a wasu sassan Amurka, kuma ba su yi nasara ba. Akwai ma binciken da ke goyon bayan kiɗa: Ayça Berfu Ünal da abokan aikinta a Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan sun gano, a wajen 2012 da 2013, cewa kiɗa bai ɓata tuƙin mutanen da suka gwada ba, har ma yakan taimaka wajen riƙe hankali a hanya mai gundura. Waɗannan mutane ne da ba a hana su barci ba. Kiɗa yana maganin gundura, kuma gundura matsala ce ta gaske a miƙaƙƙiyar hanya irin ta Yamai zuwa Damagaram. Kuskuren shi ne a ɗauki maganin gundura a ba mai ciwon barci.

Ƙa'idojin ba su da yawa. Ba a fafe gora ranar tafiya: a jera abin da za a saurara tun a gida, mai tsawon da zai kai zango, a ajiye wayar inda hannu ba zai kai ba, ko a miƙa ta ga na gefe. A fifita kiɗa mai matsakaicin bugu wanda kunne ya saba da shi, irin wanda ba ya neman a tashi a taka. Waƙoƙin fada na Narambaɗa da Ɗanƙwairo masu tafiyar ƙasaita, ko gurmin Haruna Uji, sun fi dacewa da doguwar hanya a kan kiɗan da aka shirya don filin biki. A riƙa sauyawa tsakanin waƙa da magana, labarai ko darasi ko hira, domin sauyin kansa yana farkar da hankali. A bar sauti a inda za a ji odar motar baya gilas a rufe. Idan an shigo gari, ko kasuwar bakin hanya, ko ruwan sama, ko hazon hunturu, ko wurin da aka karkatar da hanya, a kashe gaba ɗaya; direbobi da yawa suna yin haka da kansu idan suna neman wani gida a unguwar da ba su sani ba, shaidar cewa jikinsu ya san kiɗa yana cin wani kaso na hankali.

Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce ta fi sauran nauyi. Duk lokacin da direba ya ji hannunsa ya nufi maɓallin ƙara sauti domin idonsa ya yi nauyi, to lokacin tsayawa ya riga ya yi. Ya nemi gari mafi kusa, ya sha shayinsa, ya kulle mota, ya rufe ido na minti 15. Fasinjan da ke gefensa, ko mai gidan da ke bayansa, idan ya ga hannun nan ya miƙa, shi ma ya san abin da ya gani, kuma haƙƙinsa ne ya yi magana.